Makwancin Saniya da Ciwon Hantsa: Darasi Daga Garkunan Geceme

 

Yau maganar ciwon hantsa za mu yi, amma ba daga allura zan fara ba. Daga ƙasa zan fara, wato wurin da saniya take aza hantsarta ta kwana. Dalilin haka wani kuskure ne da na yi da kaina, a farkon aikina a nan yankin Geceme.

Cikin watan Agusta ne, ruwa ya zauna sosai. Aka kira ni wata ruga da ke bakin fadama, aka ce saniyar da gidan suke taƙama da ita, wata jar azawak, ta kumbura hantsa gefe guda, ba ta yarda ko maraƙinta ya taɓa ta. Na je, na taɓa na ji zafi da tauri, na tatsa na ga nonon ya yi guda-guda. Na yi allura, na yi bayanin kwanakin da za a zubar da nonon, na hau babur na koma gida ina ganin na yi aiki. Bayan sati uku aka sake kirana. Ita dai saniyar, amma wannan karon ɗaya gefen ne, ga kuma wata ta biyu ta kamu.

Ina shirin ciro sirinji sai tsohuwar gidan ta ce da ni: "Ɗana, kafin ka soke ta, zo ka ga inda take kwana. Ni dai tun da aka ɗaure su nan ban ƙara ganin nono mai kyau ba."

Na ce, "To Inna, mu je."

Da na shiga shingen sai takalmina ya nutse har idon sawu. Taɓo ne da kashi da fitsari sun cakuɗe, wata uku shanun suna turke ɗaya, domin gonaki sun kewaye rugar ta ko'ina, babu wurin matsawa. Zuwana na farko a waje aka fito mini da saniyar, ban ko leƙa ciki ba. Duk abin da aka koya mini a makaranta game da wannan ciwo na san shi, amma ban duba abin da tsohuwar nan take gani kullum safiya ba.

Yadda ciwon yake shiga

Hantsar saniya ɗaki huɗu ce, kowane ɗaki da kan nononsa, kuma a rabe suke. Shi ya sa za ka ga ɗaya ya kamu sauran ukun suna lafiya. Ƙofar kowane ɗaki ita ce 'yar kafar da ke ƙarshen kan nono. Akwai wata 'yar tsoka da ke tsuke kafar nan kamar bakin zabira. Idan maraƙi ya tsotsa ko an yi tatsa, tsokar tana sakewa, kuma ba ta komawa ta rufe nan take. Takan ɗauki rabin awa, wani lokaci awa ɗaya ko fiye. A cikin wannan ɗan lokaci ƙofar a buɗe take. In saniya ta kwanta cikin caɓi a sannan, ƙwayoyin cuta da ke cikin kashi suna samun hanya kai tsaye zuwa wuri mai ɗumi cike da madara, kuma babu abincin da suke so kamar wannan.

Ƙwayoyin da ke kawo ciwon hantsa gida biyu ne. Akwai waɗanda ke zaune a jikin saniya mai ciwo, a cikin hantsarta ko a gyambon kan nono, su kuma hannun mai tatsa da tsumma da ƙuda ne ke ɗaukarsu daga wannan saniya zuwa waccan. Akwai kuma na ƙasa, masu rayuwa cikin kashin shanu, ruɓaɓɓiyar ciyawa da ruwan da ya kwanta. Na ƙasan nan su ne na damana. Abu uku suke nema su yaɗu: laima, ɗumi, da abin da ke ruɓewa. Shingen da ya yi wata uku ba a kwashe ba, a cikin Dallol Mawri, a watan Agusta, ya haɗa duka ukun. Ku da kuke nan kun san yadda ruwa yake kusa a fadamunmu, inda ake noman rake da shinkafa. Ƙasar da ke jiƙe daga ƙasa ba ta shanye fitsari, ba ta kuma bushewa da rana ɗaya.

Saniya kuwa ba ɗan lokaci take kwance ba. Idan ta samu sarari takan yi awa goma ko fiye a kwance cikin yini da dare, tana tuƙa. Duk tsawon wannan lokaci hantsarta a ƙasa take.

Abin da iyayenmu suke yi

Idan ka tambayi dattawa za su ce maka da can wannan ciwo bai yi yawa haka ba. Na yarda da su, kuma ina ganin dalilin a fili yake. Da rani makiyayi yana kwana da shanunsa a gonar manomi don taki, bayan 'yan kwanaki a matsa gaba, ba a barin su wuri ɗaya har ƙasa ta lalace. Da damana manyan garkuna su hau tudu ko su yi arewa, 'yan na tatsa da aka bari gida kuma akwai filin da za a sauya musu makwanci. Sauya wuri shi ne tsabtar makwanci irin tamu, rana da iska suna yin sauran aikin.

Yanzu fa? Daga Geceme zuwa Tibiri, Dumega, Kore Mairuwa har Dutsi, gona ta kai bakin kowace ruga. Da an yi shuka sai a ƙuntata shanun tatsa a ɗan wuri don gudun ɓarna da rigima da manoma, kuma da gaskiyar mai yin haka. A cikin gari ma mutane da yawa sun koma ɗaure saniya ɗaya ko biyu a bayan ɗaki, turke ɗaya shekara da shekaru. Tun da ba za mu iya matsar da shanu daga ƙazanta kamar da ba, dole mu riƙa matsar da ƙazantar daga shanu.

Gwajin gwiwa

Kafin komai, ku gwada makwancinku. Da sassafe, bayan shanu sun tashi, ka je daidai inda saniyarka ta kwana ka durƙusa, ka ƙirga zuwa goma, ka tashi. In gwiwar wandonka ta jiƙe ko ta ɓaci, to haka hantsarta ta kwana. In kuwa ka ji ƙyamar durƙusawar tun farko, ka riga ka samu amsa. Ina sa mutane yin wannan a taron ƙungiya, ana dariya, amma ban taɓa ganin wanda ya gwada ya koma yana gardama ba.

Sai ka dubi shanun kansu. Saniyar da ke da busasshen taɓo manne a cinya, a wutsiya da hantsa, tana gaya maka inda ta kwana ko da ba ka shiga shingen ba.

Rairai ya fi komai

Ga wani abin da zai ba ku mamaki. A manyan gidajen shanun madara na Amurka, inda saniya ɗaya take ba da lita talatin ko fiye a rana, shimfiɗar da likitocinsu suka fi yabawa ita ce rairai. Da kuɗi suke saye, da mota ake kawo musu. Dalili kuwa shi ne rairai ba ya ruɓewa, babu abin da ƙwayar cuta za ta ci a cikinsa, fitsari yana wucewa ƙasa, sama ta bushe, ga sanyi ga taushi ga gwiwar dabba. Mu kuwa a Arewa rairai ne ya yi mana yawa har yana cinye mana hanya.

Don haka shawarata ta farko ita ce tudu da rairai. Kafin ruwan farko, ka zaɓi wurin da ya fi tsayi a filin da kake da shi, jigawa in akwai, nesa da inda ruwa ke bi. In duk wurin kwari ne, ka yi tudun da kanka: a tara ƙasa a daddaɓe, tsakiya ta fi gefe tsayi yadda ruwa zai gangara, a haƙa 'yar magudana a kewaye ta fita da shi waje. Sannan a zuba rairai mai tsabta a sama, kaurinsa ya kai tsawon tafin hannu ko fiye. Amalanke biyu ko uku sun isa saniya biyu. A ɗebo shi daga wuri busasshe, ba daga bakin tafki ko mashaya inda dabbobi suka tattake ba.

Rairan ma in an bar shi ya cakuɗe da kashi ya zama taɓo kamar kowane. Aikin na kullum ne: da safe bayan shanu sun fita, a kwashe kashin da shebur, a kwashe inda fitsari ya jiƙa, a baza sauran rana ta buga shi. Duk sati a ƙara sabo. Aikin minti goma sha biyar ne ga mai shanu uku ko huɗu, yaro ma yana iya yi. Abin da aka kwashe kuma ba asara ba ne. A tara shi a rami can nesa da shinge da wurin tatsa, don tulin taki kusa da shanu gidan ƙuda ne. Da bazara ga takin gona, ko ka kai taka ko ka sayar wa masu lambu. Na san gidajen da kuɗin takin nan ke biya musu amalanken rairai har da saura.

Wanda yake da ɗan sarari ya raba wurin biyu. Shanu su yi sati a wannan gefe, a kwashe wancan a bar shi ya sha rana, sannan a juya. Wannan shi ne sauyin makwancin iyayenmu a ɗan ƙaramin fili. Kada kuma a cunkusa su. Ni nakan ce a bar wa kowace saniya aƙalla mita uku tsawo da uku faɗi, yadda za ta kwanta ba a kan kashin 'yar'uwarta ba.

Wata magana kan inuwa. Mutane suna son ɗaure shanu ƙarƙashin bedi ko mangwaro saboda sanyi. Da rani daidai ne. Da damana kuwa ƙasan irin waɗannan itatuwa ba ya bushewa. Gawo shi ne abokin makiyayi a nan: yana zubar da ganye da damana rana ta shiga, ya yi ganye da rani lokacin da ake neman inuwa. Mai gawo a filinsa ya samu rumfar da ta san lokaci.

Ana yawan tambayata game da ƙaiƙayi, buntun shinkafa, tattaka ko garin katako da ake zuba wa kaji. Suna shanye laima a ranar farko, gaskiya ne. Amma duk abubuwa ne masu ruɓewa, da sun jiƙe da fitsari a cikin zafinmu ƙwayoyin cuta suna hayayyafa a cikinsu cikin kwana ɗaya ko biyu. Garin katako ma an san shi da wata ƙwaya mai kawo ciwon hantsa mai tsanani. In za ka yi amfani da su, sai in za ka iya kwashe jiƙaƙƙen kullum ka zuba busasshe. In ba za ka iya ba, ƙasa tsirara mai bushewa ta fi su. Toka tana taimakawa wajen busar da wuri da rage wari, amma a zuba ta a ƙasa a rufe da rairai, don jiƙaƙƙiyar toka tana cin fatar kan nono ta tsattsage.

Awa ɗaya bayan tatsa

Ku tuna ƙofar nan da ke buɗe. Hanya mafi arha ta kare ta ita ce a hana saniya kwanciya bayan tatsa. Ba da sanda ba, da abinci. Dussar da za ka ba ta, ko harawa, ko ciyawar da aka yanko, ka ajiye sai an gama tatsa maraƙi ya gama tsotso, sannan ka zuba mata. Za ta tsaya tana ci har kafar ta rufe. Da safe abin da sauƙi tun da kiwo za su tafi. Tatsar yamma ce mai haɗari, domin daga ita sai kwanciya, kuma a nan ne dabarar take da amfani. Ba ta ƙara maka kashe ko dala, lokacin ba da abincin kawai ka sauya.

Wurin tatsa ya zama daban da wurin kwana, ko da taku goma ne, a busasshen wuri. Mai tatsa ya wanke hannu da sabulu. In kan nonon ya ɓaci a wanke shi da ruwa mai tsabta a goge ya bushe. Kada a kwarara ruwa a kan hantsa duka a bar shi yana gangarowa, don yana kwaso dattin sama ne ya tara a daidai bakin kafar. Tsumma ɗaya ga shanu biyar kuwa gara babu. Haka ma tsoma yatsu cikin ƙwaryar madara don hannu ya yi santsi, a daina.

Shanunmu, azawak ne ko bororo ko gudali, ba sa sakin nono sai sun ga maraƙi, kuma wannan alheri ne. Maraƙin da aka saki bayan tatsa yana tsotse abin da hannu ya bari, hantsar da aka ƙwalƙwale kuma ba ta cika kamuwa ba. Abin da nake roƙo a bari shi ne shafa ɗanyen kashi a kan nono don hana maraƙi sha. Na gan shi a rugage da dama. Ɗaukar cutar ne da hannunka ka kai ta bakin ƙofa. A ware maraƙin da igiya ko ɗan shinge. Ƙungiyar da ke da hali ta sayi ruwan aidin na tsoma kan nono, a tsoma bayan maraƙi ya gama, malamin kiwo na kusa da ku zai nuna muku yadda ake sirka shi.

Sai kaska. Babbar nan mai zane a baya tana son hantsa da tsakanin cinyoyi, kuma da damana take yawa. Bakinta dogo ne, inda ta kama sai ya zama gyambo, har kan nono ya toshe ko ya lalace gaba ɗaya. Na sha ganin karsana ta haihu na fari da kan nono biyu matattu saboda kaskar da ta cije ta tun tana ƙarama. Ku riƙa duba ƙarƙashin karsana kamar yadda kuke duba na masu tatsa.

Saniyar da ta kusa haihuwa da wadda aka daina tatsa kwanan nan su ne suka fi saurin kamuwa, kuma su ne aka fi mantawa da su tun da ba sa kawo nono. Wuri mafi bushewa a shingen nasu ne.

Ciwon da ba a gani

Kumburi da zafi da mugunya kowa ya san su. Amma mafi yawan ciwon hantsa ɓoyayye ne: saniya tana ci tana sha, hantsa ba ta kumbura ba, nono fari tas, sai dai yana raguwa a hankali, ana cewa rashin ciyawa ne. Mata su suka fi saurin ganewa. Madara ta tsinke a wuta, ko kindirmo ya yi ruwa-ruwa, ko a ji ɗan gishiri-gishiri a nonon wani kan. Mu yi lissafi: saniyar da ke ba ka lita biyu, in ɗaki ɗaya ya mutu, kusan rabin lita ke nan kullum, lita goma sha biyar a wata. Ɗakin da ya mutu kuma sau da yawa ba ya dawowa ko a haihuwa ta gaba. Asarar maraƙin da bai ƙoshi ba ma tana nan, sai ranar kasuwa ake ganinta.

Kowace tatsa, a fara tatso digo biyu ko uku na kowane kan nono a cikin baƙin kofi ko wani abu mai duhu, a duba ko akwai gudaji ko zare-zare ko ruwa. Kada a tatsa a ƙasa inda za su kwanta. Akwai kuma gwajin da ake kira CMT, wanda aka ƙirƙiro a Kalifoniya ta Amurka a 1957. Faranti ne na roba mai gurbi huɗu, kowane kan nono da gurbinsa. A tatsa kaɗan, a zuba ruwan gwajin daidai yawan madarar, a juya. In ɗakin yana da ciwo sai haɗin ya yi yauƙi kamar miyar kuɓewa. Minti ɗaya ya isa saniya guda, ba ya bukatar karatu. A ganina kowace ƙungiyar masu nono ya kamata ta mallaki faranti ɗaya da kwalba ɗaya, a riƙa zagayawa da shi gida-gida sau ɗaya a wata, musamman daga Yuli zuwa Oktoba.

In an samu mai ciwo, ita ce ta ƙarshe a tatsa, a wanke hannu bayanta. A riƙa tatse ɗakin da ya kamu sau da yawa a yini, a gasa shi da tsumma da ruwan ɗumi, nonon a zubar a rami. In kuwa saniya ta daina ci, jikinta ya yi zafi, nonon ya koma ruwa rawaya-rawaya, ko hantsar ta yi sanyi ta fara baƙi, kada a kwana. Irin wannan yana kashe saniya cikin kwana ɗaya ko biyu. A kira likitan dabbobi ko mataimakin da ke garinku nan take. Ciwon da ya ƙi jin magani kuma ana iya ɗibar nonon a aika dakin bincike na LABOCEL a Yamai a gano irin ƙwayar.

Ina roƙonku ku bar sayen allurar kasuwa da ta sha rana a kan tebur kuna yi da ka. Rabin magani ba ya kashe cuta, koya mata jurewa yake yi. Sannan maganin yana fita cikin nono na kwanaki, adadinsu yana rubuce a jikin kwalba. Nonon da ke da magani ba ya kwana ya yi kindirmo, kuma lita ɗaya tana iya ɓata na ƙungiya duka in an haɗa. Ba na yara ba ne, ba na kasuwa ba ne. Na gida kuma, ko saniya lafiyayya ce, a tafasa shi kafin a sha, saboda bakkale da tarin fuka da ke bi ta ɗanyar madara.

Ita waccan ruga ta bakin fadama, a ranar ban tafi ba sai da muka zagaya da maigidan muka sami ɗan tudu a bayan bukkoki inda suke shanya kaya. Na ce, "Baffa, nan za mu mai da su." Ya ce wurin ya yi kaɗan. Na ce na tatsa huɗu kawai da mai cikin nan, sauran su zauna inda suke. Yaransa suka yi kwana biyu suna jido rairai da amalanken jaki. Saniya ta biyu ta warke sarai. Jar azawak ɗin ɗaki ɗaya ya mutu, wanda na fara yi wa allura, da uku ta ƙare shekarunta. Har yanzu in na bi ta wajen, Inna takan fito da ƙwaryar kindirmo, ni kuma kafin in karɓa sai na shiga shingen na durƙusa tukuna.